Watan Sama da Watan Banki

Ba zan taɓa mantawa ba da waɗanda suka ga ranar da na kunyata kaina a banki, domin har yau in na rufe ido ina ganinsu ɗaya bayan ɗaya. Akwai Talatu mai ɗinki, Bazamfara, maƙwabciyata a Unguwar Kanawa, wadda ni da kaina na jawo ta don ta zame min shaida. Akwai Malam Iliya, ladanin masallacin layinmu, aminin marigayi maigidana, ya je bin sawun fanshonsa. Akwai mai gadi, wani dogo mai yawan hamma. Akwai yarinyar da ke zaune a teburin koke-koke, mai farin gilashi, wadda ba ta wuce sa'ar autata ba. Sai kuma jama'ar da ke kan layi, waɗanda ban san sunan ko ɗaya ba, amma su yanzu sun san nawa.

Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba. Ido gare ni. Na san wanda ya shigo layinmu, na san wanda ya fita, na san matar da ta sake zane ba a ranar biki ba. Ni ce uwar adashin matan unguwa tun autata tana goye, kuma dokata ɗaya ce: wadda ta makara da zubi, ko da yini guda ne, sai ta biya tara. In mace ta fara kawo min labarin ciwon kai ko rashin ciniki, amsata ba ta canzawa: "Wata ba ya jiran mai uzuri." (Yaran unguwa ma sun haddace, har suna kwaikwayona a bayan idona. Suna zaton ban sani ba.) Ita kanta Talatu, ba a daɗe ba na ci tararta, lokacin da kekenta na ɗinki ya lalace ta kawo zubi washegari. Ta kuwa biya.

To, abin da ya haɗa ni da banki firiza ce. Ina sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, wutar lantarki kuwa kun san halinta. Sai ɗana Sani, da ke aikin gwamnati, ya karɓo min firiza mai aiki da hasken rana daga wani kamfani da ke bayarwa a biya kaɗan-kaɗan. Ya kai ni banki na dangwala yatsa, ya ce, "Inna, duk ashirin da biyar ga wata banki zai cire kuɗin kamfani daga asusunki da kansa. Ke dai ki tabbata akwai kuɗin a ciki. In suka zo ba su samu ba, akwai caji, in abin ya ja kuma kamfani zai zo ya ɗauke kayansa." Ya buɗe baki zai ƙara wani bayani game da watan, na katse shi. Na ce, "Kai Sani, ni za ka koya wa ƙidayar wata? Da ƙidayar wata na san ranar da zan haife ka." Da ma na bar shi ya ƙarasa.

Haka muka yi ta tafiya lafiya. Cinikin da na yi in kai wa mai POS na bakin titi ya zuba min. In na ƙirga ashirin da biyar ta wuce, washegari in je in ce ya bar min ɗan kaɗan ya ba ni sauran, in tafi Babbar Kasuwa in saro sukari da aya da leda. Ban taɓa kuskure ba.

Sai wannan watan. Na je cire sauran kamar kullum, yaron ya ƙirgo min kuɗi ya miƙo, na ga sun yi kauri fiye da yadda na saba. Mai hankali da ya tsaya ya tambaya. Ni kuwa na ce lallai zafin bana ya yi albarka. Na sari kaya har da ƙari, na yanko atamfa turmi guda, na kuma sa aka soya ƙosai aka kai masallaci sadaka don godiya ga Allah. (Malam Iliya ya ci, ya sa albarka. Shi ya sa har yau ba na iya haɗa ido da shi sosai.)

Ba a jima ba waya ta yi ƙara, saƙo ya shigo daga banki. Na kai wa Talatu, domin ita ta ɗan taɓa firamare. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Inna, sun ce sun zo ɗaukar kuɗɗin firiza ba su iske ba, shi ne sunka cire na caji cikin ɗan abin da kika bari."

Na ce, "Sun zo yaushe? Ai sun riga sun ɗauka! Ashirin da biyar ta wuce kafin in taɓa ko sisi. Wato so suke su ɗauka sau biyu, da ba su samu ba su ci ni tara?"

Ni, a ci tarata. Ban ci tuwon dare ba. Na hana a gaya wa Sani, na ce wannan ba aikin yara ba ne. Da safe na yafa babban mayafi, na ce wa Talatu ta rufe shago ta biyo ni. A hanya duk matar da muka gamu da ita sai na tsaya na gaya mata cewa yau zan koya wa banki lissafi.

Bankin nan ba kusa ba ne ga mai ciwon gwiwa. Keke napep ya sauke mu nesa, muka taka har can cikin rana. Ƙofarsu mai gilashi ta ƙi karɓata saboda makullan da ke ƙuguna, sai da mai gadi ya karɓe su. Ciki kuma sanyin na'ura ya shiga min ƙashi. Muka zauna, muka zauna, har fushin da na zo da shi ya fara yin barci, sai in tuna kalmar tara in tashe shi. Can na hango Malam Iliya a kujerar gefe yana gyangyaɗi da takardunsa a hannu. Muka gaisa, na ce masa ya buɗe kunne, yau zai ji aiki.

Da layi ya zo kaina, yarinyar ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Mama, sannu da zuwa, me ya faru?"

Ban zauna ba. Na ce, "'Yar nan, ni ba na karatu, amma ba a cuta ta. Kun ce ashirin da biyar. Na bar muku kuɗinku har ashirin da biyar ta wuce. Kun ɗauka ko ba ku ɗauka ba, wannan tsakaninku da Allah. Amma ku dawo daga baya ku ce ni na makara? Shekara da shekaru ina riƙe da kuɗin mata, ba a taɓa cewa kwabo ya yi ciwon kai a hannuna ba. Ku mayar min da abin da kuka cire, ko ku kira min babbanku."

Murya gare ni, ban ɓoye ba. Masu ƙirga kuɗi suka ɗago kai. Wani a layi ya ce, "Gaya musu, Hajiya, haka suke mana!" Wannan ya ƙara min ƙarfi, har na buga tebur.

Yarinyar ta danna na'urarta, ta ce, "Mama, ranar ashirin da huɗu kika cire kuɗin. Da aka zo ɗauka ashirin da biyar, babu."

Na ce, "Ƙarya ne! Ashirin da shida na cire. Ni da na ga tsayuwar watan nan da idona a kan rufin makarantar layinmu!"

Sai ta cire gilashinta ta dube ni. A hankali ta ce, "Mama, yau nawa ga wata?"

Na juya ga jama'a don kowa ya ji. Na ce, "Ashirin da takwas. Ga ladaninmu nan, ku tambaye shi in ƙarya nake."

Malam Iliya ya yi gyaran murya. Ya dubi ƙasa, ya dubi silin, ya ce, "Hajiya, gaskiyarki, yau ashirin da takwas ne... a watan sama. Amma a na Bature yau ashirin da shida. Su banki ba sa duban wata."

Duk watannin nan ashe ni ina ƙirga nawa, banki yana ƙirga nasa. Yarinyar ta yi min bayani kamar mai lallashin jariri: watan sama ya fi na Bature gajarta, kowane wata yana ɗan matsowa gaba. Da can ashirin da shida ɗina bayan tasu ranar take faɗowa, shi ya sa ban taɓa ganin matsala ba. Ta ce, "Watan jiya ma da ƙyar kika sha, Mama. Mun ɗauka da safe, kin cire da yamma."

Mutumin da ya ce in gaya musu ya koma duban wayarsa. Mai gadi ya daina hamma. Na so ƙasa ta tsage, amma tayil ne, ba ya tsagewa.

Na zauna a kujerar da na ƙi zama tun farko. Na sassauta murya, na ce, "To 'yar nan, ai kin ga rashin sani ne. Ni tsohuwa ce, ga gwiwa, ga ba karatu. A duba uzurina a yafe cajin nan mana."

Kafin yarinyar ta amsa, sai na ji murya a bayana, ƙasa-ƙasa, da harshen Zamfara: "Wata ba ya jiran mai uzuri."

Ban waiga ba. Na san mai ita. Malam Iliya ya sa hannun riga ya rufe baki wai tari yake.

Caji dai ba su yafe ba. Yarinyar ta ce ba ita ke cirewa ba, na'ura ce, na'ura kuwa ba ta san tsohuwa ba. Amma ta ce in na zuba cikon kuɗin kafin su tashi, za a sake turawa kamfani, firiza ta tsira. Na kwance ƙullin da ke bakin zanena na ƙirga. Bai kai ba. Sauran yana jikin atamfa da cikin masu sallar asuba. Na zauna ina kallon kuɗin, ina ganin motar kamfani a ƙofar gidana, ana fitar da firiza a gaban matan da na gama yi wa alkawarin koya wa banki lissafi.

Sai Talatu ta zuge jakarta, ta ƙirgo cikon ta ajiye a kan tebur. Kuɗin ɗinkin mutane ne. Ta ce, "Riƙa, Inna. In kin samu kya ba ni. Ni ba ni cin tara."

Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Muka hau keke har gida. Matan da na tsayar da safe suna zaune a ƙofar gida suna jira, wata ta ce, "Inna, yaya bankin?" Na ce, "Suna gaishe ku," na shige. Na kwanta ina jin ƙugin firiza, ina tuna maganar Hausawa, wai wanzami ba ya son jarfa. Abin da na koya, a wannan tsufan, shi ne in mutum ya ce maka "ga wata", ka tambaye shi watan wa. In kuma ɗanka ya buɗe baki, ka bari ya rufe da kansa.

Washegari da sassafe, kafin yara su fara zuwa sayen ƙanƙara, na saka atamfar nan a leda, na ɗauki gorar kunun aya mai sanyi, na ƙulle kuɗin tarar da na taɓa cin Talatu a gefen mayafi. (Dokar tara kam ban soke ba, kar ku yi zato. Na dai ƙara yini guda na uzuri.) Na same ta tana share shago. Na ajiye atamfar na ce ta riƙe har in kawo kuɗinta, na ajiye kunu, na kwance ƙullin na tura mata ba tare da na dube ta ba.

Ta ƙirga, ta gane ko na mene ne. Ta ɗaure a bakin zane, ta kurɓi kunun, ta ce, "Na gode, Inna. To cikon fa, yaushe za ki kawo?"

Na ce, "Ƙarshen wata."

Ta ce, "Na sama ko na banki?"