Ranar da Na Kalli Surukina Ido Cikin Ido

Ba zan taɓa mantawa da zuwana Dandume ɗauko matata daga wankan jego ba, ko da kuwa ina so in manta.

Ni ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibiti a Funtua. A shekarar ne tsautsayi ya kai ni karatun gaba da digiri, wani kwas da ake koya wa ma'aikatan lafiya yadda za su riƙa waiwayar aikinsu: me ya faru, me ka ji a ranka, me za ka gyara. Malamarmu, wata Dakta mai son magana a hankali, ta dage mana kan sauraro. Wai idan mutum yana gaya maka damuwarsa, ka zauna daidai da shi, ka kalle shi cikin ido, ka maimaita masa abin da ya faɗa don ya san ka ji, sannan ka yi shiru. Ta ce mu gwada a ko'ina, ba sai a asibiti ba. (Wannan "ko'ina" ɗin ne ya kashe ni.)

Matata Maryam ta haifi ɗanmu na fari a gidansu, an yi arba'in har an wuce, ni kuwa na gaji da cin abincin mai shayi. Saura kawai mahaifinta ya ce ta koma. Alhaji kuwa dattijo ne da ba ya ɗaukar raini. Tun da na auri 'yarsa, takalminsa na fi sani a kan fuskarsa.

Na same shi a zaure, na tsuguna na gaishe shi. Sai ya ce, "Bana dai masara ta ba mu kunya. Taki ya yi tsada, ga tsutsa ta cinye rabin gona."

Nan fa shaiɗan ya raɗa mini: ga mai damuwa, ga dama! Na miƙe, na jawo benci, na zauna gwiwata na gogar tasa. Na ɗaga kai na zuba masa ido.

"Wato Baba, tsutsa ta cinye rabin gona," na ce, ina gyaɗa kai.

Ya ɗan ja baya. "Abin da na ce ke nan."

"Abin da kuka ce ke nan," na amsa. Sai na yi shirun nan da Dakta take yabo, ko ƙiftawa ba na yi. Da shirun ya yi tsawo, na ƙara da, "Yaya kuka ji a ranku, Baba?"

Jama'a, don Allah, wa ke tambayar surukinsa yadda ya ji a ransa?

Alhaji ya yi salati, ya ƙwala wa matarsa kira. "Hajiya! Zo ki ga yaron nan. Tun yaushe ya fara haka?" Hajiya ta leƙo, ta gan ni ɗare-ɗare a kan benci na kafe mijinta da ido, ta dafe ƙirji. "Ni dama na ce karatun nan ya yi masa yawa."

Sai a lokacin hankalina ya dawo. Na zame ƙasa ina ta rantsuwa cewa a makaranta aka koya mana. (Da na sani na yi shiru, a nan ne ma shirun yake da amfani.)

"A makaranta aka ce ka riƙa kwaikwayon surukinka?" in ji Alhaji. Nan take ya yanke hukunci: ba za a kai jariri hannun wanda ba a tabbatar da lafiyarsa ba. Maryam za ta zauna sai an gama girbi. Haka na hau babur na koma Funtua ni kaɗai, da galan ɗin rubutun sha da suka ba ni ɗaure a baya. Maryam ta bugo waya, dariya ta hana ta magana, na kashe don haushi.

Abin takaicin, da na kai labarin aji, Dakta ta ba ni makin da ya fi na kowa, wai waiwayena ya yi zurfi. Maki! Maki zai dafa mini tuwo ne?

Na dai koyi darasina: kallon cikin ido na asibiti ne, a zauren suruki kuwa kunne ake buɗewa, ido na ƙasa. Amma karatun ya yi tsada. Ranar da Maryam ta dawo, yaron har ya fara zama. Na miƙa hannu zan ɗauke shi, ya dube ni sama da ƙasa, ya fashe da kuka. Bai san ni ba.