Hantar Maigida da Idon Ummi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ci ado na kai kaina wajen jin kunya da ƙafafuna ba. Muna zaune a Yalwawa lokacin, ba a daɗe da fara shari'ar Musulunci ba, sai aka shigo da gangamin yaƙi da ƙarancin jini a jikin yara. Mijina, Baban Ummi, shi ne mai shela. Kullum yana cikin motar da aka ɗaura wa lasifika, daga Dutse zuwa Jahun har Aujara, yana kwarara murya: "Iyaye mata, a ji tsoron Allah! A ba yara hanta da wake da zogale!" (Iyaye maza kuwa ban taɓa jin lasifikar ta ambace su ba, sai ka ce mu ke zuwa wajen mahauta.)

Da aka shirya taron mata a filin wata firamare, sai ya ba da sunana, wai ni ce uwa abar koyi. Ni kuma sakarya, kaina ya kumbura. Na sha lalle, na zaro atamfar ƙasan akwati, na rangaɗa wa Ummi, 'yarmu mai shekara uku, kitso. Kwanakin nan yarinyar ba kuzari, wasa kaɗan ta kwanta, har ƙasa na kama ta tana ci, amma na ce zafin gari ne.

Maza suna can waje gindin darbejiya, tunda ba a cakuɗuwa. Aka miƙo min makirfo, wallahi na zuba! Shelar mijina na maimaita tsaf, har da ɗaga yatsa: "Sakacinmu ne, mata!" Aka yi ta tafi, ni kuwa ina wani sunkuyar da kai irin na manya.

Sai Sista, nas ɗin da ke jagorantar taron, ta ce, "Maman Ummi, kawo 'yar taki mu nuna musu idon yaro mai cikakken jini."

Ta ja fatar idon Ummi ƙasa. Ta juya tafin hannun yarinyar. Fari fat, kamar tuwon shinkafa. Ta manta makirfo a bakinta yake, ta ce, "Innalillahi! Ai wannan ce mara jinin."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ashe malamar ma a baki take dafa hantar!" Fili ya kwashe da dariya. Na rasa inda zan tusa fuskata, ga lalle sai ƙyalli yake a hannu.

Abin takaicin, hanta tana shiga gidanmu. Duk ranar kasuwar Jahun sai Baban Ummi ya zo da ita. Amma yadda na taso na ga mahaifiyata tana yi haka nake yi: tsoka da hanta kwanon maigida, yara romo. (Ƙwai kuwa surukata ta hana, wai yaro ɓarawo zai zama.) Shi kuma ya cinye, ya suɗe hannu, ya fita shela.

Lasifika ta riga ta kai maganar waje. Baban Ummi ya tare ni a bakin ƙofar makarantar gaban abokan aikinsa, ya ce, "Kin zubar min da mutunci. Wai me kike yi a gidan ne?" Ummi na kafaɗata, ko kallonta bai yi ba. Wannan ya fi dariyar matan ƙona min rai, har yau.

Da yamma na ba ta maganin ƙarin jinin da Sista ta haɗa mu da shi, sannan na ajiye masa kwanonsa. Ya buɗe, ya juya cokali, ya sake juyawa.

"Ina hantar?"

Na ce, "Tana cikin Ummi. Wani na ji a lasifika yana cewa a ji tsoron Allah."

Fushin da ya yi ya daɗe, Ummi kuwa ta murmure, alhamdulillahi. Ni dai na koyi darasi: kafin in sake tsayawa in zagi mata 'yan'uwana, sai na fara ɗaga murfin kwanon maigida. Shi kuwa washegari ya hau motarsa, ina shara a tsakar gida ina jiyo shi daga bakin titi: "Iyaye mata, a ji tsoron Allah!"