Saukar Malam Ilu Daga Kan Raƙumi

Da sunan Mai tsare matafiya muke buɗe labarin Malam Ilu Mai Faci, ɗan Tanimu, jikan Gagarau wanda ya taɓa korar kura da murfin tukunya. Sadaukin bakin tasha, mai sa tayar tirela ta yi numfashi, gwarzon da bai taɓa ja da baya ba sai in mai karɓar kuɗin haya ya leƙo.

A shekarar da 'yarsa Hindatu, malamar firamare, ta shirya tafiya Masar da abokan aikinta don ganin dalar Fir'auna, wani a majalisa ya tsegunta wa Malam Ilu mummunan labari: wai a can raƙumi ake ɗora baƙo, hawa da murmushi, amma sauka sai abin da mai raƙumi ya ga dama. Abinci ya daina wuce masa. Ya riga ya tanadar mata hular rana, da gorar ruwa, da maganin gudawa, da ƙullin yaji, amma ina amfanin yaji ga wadda aka bari a sama?

Sai ya karɓe fasfonta ya jefa a aljihun gaba, ya rantse ba za ta ga jirgi ba sai ya gano sirrin sauka da kansa ya koya mata. Jirgi kuwa jibi ne.

Ranar kasuwar Maigatari runduna ta ɗaga: shi a gaba da azama, ita a baya da jan ido. Suka iske wani Buzu, Agali, da amalen raƙumi gurfane yana tuƙa, yana duban duniya kamar alƙalin da ya gaji da shari'a. Agali ya fara nuna yadda ake jan akala, amma sadauki yana can yana wa jama'a huɗuba kan makircin masu raƙuman ƙetare.

Ya ɗare bisa.

"Sai ni Ilu, na Tanimu! Uwata, buɗe ido ki ga aiki!"

Amale ya ɗaga gindi, Malam Ilu ya rungumi tozo. Ya ɗaga gaba, hula ta yi hijira. Da ƙura ta lafa, sai ga gwarzo tsakanin sama da ƙasa, yana hango rufin rumfuna da sanƙon dillalai. Daidai nan aka kira azahar, Agali ya ɗauki buta ya yi gaba.

Nan aka gwabza yaƙin da masu sayar da igiya ke ba jikokinsu labarinsa. Ya daka tsawa da Hausa, amale bai ji ba. Ya jawo Larabcin da ya tara na tafiyar 'yarsa, ya ce "Shukran!", amale ya yi gatsine. Ya karanto duk addu'ar da ya sani har ya shiga ta cin abinci. Wani mahauci ya zo ya zagaya dabbar, ya tambaya ko da na saman ake sayarwa.

"Uwata!" Muryar ta sirance. "Kira Buzun nan!"

Hindatu, wadda ta saurari Agali sa'ad da ubanta ke huɗuba, ta matso ta kama akala, ta ja ƙasa, ta yi wani ɗan huci ta haƙora. Amale ya durƙusa, gaba da farko, kamar yadda kakanninsa suka saba. Sadauki ya sulmiyo ta wuya ya dira a kan tarin harawa, fasfo ya yi tsalle daga aljihu ya faɗi a gaban mai shi.

Ta ɗauka, ta hure, ta sa a jaka ta ja zif.

"Sannu, Baba. Mu fa a motar bas za a kai mu."

Malam Ilu ya tofar da ganyen wake, ya lalubi hularsa.

"To, ko bas ɗin ce, ki zauna kusa da ƙofa."