Yadda Za Ki Kalli Zara Har Ki Rasa Miji

Duk wadda ta bi matakan nan, na yi mata alkawari: kafin damina ta kankama za ta san Zara ciki da bai, unguwa kuma za ta san ta. Na gwada a unguwarmu Ƙofar Sauri, ya ci.

1. Ƙi saukowa

Da an sallame magariba, hau soro ki fuskanci yamma. Yayanki zai daka tsawa daga tsakar gida: "Ke Rahama, sauko nan! Ɗiya mace bisa soro da magariba?" Ki ce, "Yaya Haruna, soja sun miƙa mulki tun watan jiya. Ba ni saukowa." Labarin bai iso gidanku ba tukuna, ke za ki kawo shi.

2. Gane ta

Ita ke riga taurari fitowa, ta fi su haske, ba ta ƙyafce-ƙyafce irin nasu. Sauro zai ci ki, hadari zai rufe ta. Daure.

3. Gyara wa manya zance

Inna Tani, ƙanwar babanki, za ta ce ai Zara matar wata ce. Ki fahimtar da ita cewa duniya ce kamar tamu, maƙwabciyarmu, rana take kewayawa, zafinta ya fi na tanderu, kuma tsakaninta da wata ko gaisuwa babu. Za ta ce, "To madalla. Boko ya kashe wa Zara aure, saura naki." Tsofaffi na son gyara, musamman a gaban baƙi.

4. Ari madubin hangen nesa

Da shi za ki ga ashe tana raguwa kamar wata, har ta koma lauje. Maƙwabcinku Malam Garba kuwa zai rantse matansa kike leƙe. Namiji in zai hau soro, shela yake yi mata su rufe jiki. Ba a tanadi shelar mace ba, don ba a taɓa zaton za ta hau ba. Bar shi ya kai ƙara gun mai unguwa.

5. Shanya saurayi

Zara ba ta daɗewa bayan isha'i, daidai lokacin zance ke nan. In Sagir, wanda aka sa muku rana, ya yi sallama, aika masa ya jira ta faɗi. Ranar da ya gaji ya ce, "Zaɓi, ni ko tauraruwar nan," ki tuna masa cewa ba tauraruwa ba ce.

Gargaɗi

Abin da ya biyo baya ba ruwana, kada a kawo min kuka. Ni dai dangin Sagir sun aiko an kwashe kayan sa rana, Inna ta daina amsa gaisuwata. Ranar Juma'a aka ɗaura aurensa da wata yarinyar unguwar Gobarau. Daga sama na ji guɗar, ban sauko ba.