Sarkin Taku a Ƙarƙashin Fitila

Wanda bai ga Sarkin Taku yana tafiya ba, bai san abin da aka yi ƙafa dominsa ba. Sauran bayin Allah jan jiki kawai suke yi daga ɗaki zuwa ɗaki. Shi kuwa ko ruwa zai ɗauko a firji, sai ya ɗaga haɓa, ya kafe bango da ido, ya yi juyi a bakin ƙofa da hannu ɗaya a aljihu. A gida Auta ake ce masa, amma ya sha yin gargaɗi cewa mai tallan tufafi na duniya ba a kiransa da sunan goyo.

Shekara uku ke nan yana zuwa gwaji a kamfanonin talla. Sau goma sha huɗu ana sallamarsa da "za mu neme ka". Da wani ne da tuni ya naɗe tabarmarsa, amma shi ƙin da ake masa ma ado ne. Da aka ce tsayinsa bai kai ba, ya sanar da gida cewa ma'auninsu ne ya tsufa. Da aka ce ya cika wasa da gira, ya ce hassada ce irin ta masu matacciyar fuska. Har bidiyo yake ɗauka a gaban madubin banɗaki yana koya wa matasa juriya.

"Ku sani, ba a ƙin mutum irina," in ji shi. "Ajiye ni ake yi har kasuwa ta girma ta iso inda nake."

Mutum tara ke kallo, huɗu a cikinsu 'yan gidan ne.

Umma ce kaɗai ke hana shi sakat. Ba ta faɗa, ba ta gori. In ya dawo daga gwaji sai ta dube shi da tausayi ta ce ya je ya huta. Wannan tausayin ya fi masa zagi ciwo. So yake ko sau ɗaya ta gani da idonta an zaɓe shi.

Ana nan sai wani mai hoto ya kira shi, ya ce ya zo situdiyo ranar Laraba da farar riga. Bai tambayi wane aiki ba ne. Manya ba sa tambaya. Ya sa Umma ta yi kwalliya, ya kai ta, ya zaunar da ita a kujerar roba kusa da tarin wayoyin lantarki.

Aka nuna masa wata alama da aka manna a ƙasa, aka ce ya tsaya a kai. Aka kunna fitilu. Ya karkata kafaɗa, ya ɗaga girar nan tasa, mai hoto ya ce ba sai ya wahala ba, ya tsaya kawai. Aka matsar da wannan fitila, aka sauke waccan, aka ɗauka, aka duba, aka sake. Mai kwalliya ta wuce shi sau uku ba ta ko kalle shi ba, ya yi wa Umma nuni da fuskarsa, wai ba ta bukatar gyara. Awa biyu gumi na bin bayansa, shi kuwa a ransa har ya ga kansa a allon babban titi.

Sai ƙofa ta buɗe, wani dogo ya shigo yana hamma. Mai kwalliya ta ruga da hoda, wani ya miƙa masa ruwa mai sanyi. Mai hoto ya yi wa Sarkin Taku godiya, ya ce ya ɗan ba da wuri. Ya bayyana masa cewa dogon nan ne ainihin mai tallan, kuma ba a barin sa ya tsaya cikin zafi ana saita haske, shi ya sa ake neman wani mai irin launin fatarsa ya riƙe masa wurin. Da Sarkin Taku ya tambayi hotunansa, aka ce ai tuni an goge.

A kan matakala ya gyara murya, ya soma yi wa Umma bayanin yadda duk aikin ya rataya a wuyansa. Ta saurare shi har ƙasa tana gyaɗa kai.

"Na gani, Auta, kuma na ji daɗi," ta ce. "Tunda na haife ka ban taɓa ganin ka yi awa biyu kana yi wa wani amfani ba. Na ma roƙi mai hoton ya riƙa kiranka."