Akuyar da ta Cinye Tutar Jirgi

"…da gajiyar kwanciya kuma? Don an ce mini ita ce sana'arka yanzu."

Hajja Kaltum ce ta jefa wannan gaisuwa tun daga bakin ƙofa, tana cire takalmi. Da sassafe ta taso daga Nguru, ta sha jijjiga a motar Gashua, saboda saƙon Alamin, ɗan Baba Zarami. Ita da Zarami taubasai ne, ubanta da uwarsa ciki ɗaya. Wata bakwai ke nan da rasuwar matar Zarami, tun da Alamin ya dawo da shi gidansa tsohon ya shige ɗaki, in ba masallaci ba, ko zaure ba ya leƙawa. Ran nan sau uku ya tambayi ko ya yi sallar azahar. Likita ya duba ya ce jiki ƙalau, amma zaman shiru da baƙin ciki da rashin abin yi su ke buɗe wa gigin tsufa ƙofa. Ya ce a nemo masa mutane da hira da abin da zai motsa masa tunani. Da Hajja ta ji, sai ta ce wannan ai ba sai likita ba, mutum ya yi wata bakwai ba a zage shi ba dole ya lalace.

Zarami yana kishingiɗe, fuskarsa na kallon bango. Bai juyo ba ya ce, "Wace ce?"

"Uwargijiyarka ce. Tashi ka gaishe ni, bawan gidanmu."

"Kaltum. Har yanzu kina nan?"

"Ina zan je in bar dukiyar ubana tana ruɓewa a ɗaki? Barkono na zo saye, buhu guda, na ce ga ɗan dako kyauta."

"Ba ni da lafiya."

"Me ke ciwo?"

Ya gyara kwanciya.

"To ka gani. Lalaci ne. Dama tun kana sharar tashar jirgi haka kake."

Nan ya ɗan juyo da kai. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gadin jirgin ƙasa tsakanin Nguru da Kano, da hularsa da usur da tuta ja da kore, kuma Hajja ta fi kowa sani.

"Shara?"

"Haka nake gaya wa jikokina. Na ce kakanku Zarami shi ne mai tsintsiya. Har hanyar na koya musu: daga Nguru sai Ringim, daga Ringim sai Birniwa, sai Damaturu, sai Kano."

"Damaturu? A jirgin ƙasa?"

"Mun tsaya mun sayi rake."

Ya tashi zaune. Ya jawo matashi ya jingina.

"Ke dai Allah ya isar wa yaran nan. Daga Nguru, Birniwa. Daga Birniwa, Malam Madori. Sai…" Ya tsaya, bakinsa a buɗe.

Hajja ta dube shi. Sunan yana kan harshenta, amma ta danne shi, ta ɗauko goro tana ɓarewa.

"Sai Makka," ta ce.

"Gagarawa. Gagarawa, Taura, Ringim, sannan a doshi Kano. Ringim ɗin da kika kai ƙofar gidanku."

"A zamaninmu ba haka take ba. Kun sake mata wuri."

"Gari ake sake wa wuri?"

"Ku ma'aikata me ba ku iya ba? Kuma a Ringim ɗin ne ka ɓatar da tutarka, na cece ka."

"Ɓatarwa? Akuyarki ce ta cinye ta. Kuma a Taura ne."

"Ni ban taɓa shiga jirgi da akuya ba. Ni mace ce mai daraja."

"Ja ce, mai ɓallen ƙaho ɗaya. Kika rufa mata zane kika ce mini jaririya ce tana barci. Na ajiye ta wajena don kada a jefo ku waje ku biyu. Na juya in duba fasinja, kafin in dawo ta gama da kore ta fara ja."

"Yunwa take ji. Kai ka taɓa ba baƙo abinci?"

"Direba na jira a ɗaga masa tuta, ni ga sanda kawai a hannu."

"Sai wa ta cire ɗankwalinta kore sabo fil ta ba ka? Da ba don ni ba da har yau jirgin nan yana Ringim."

"Taura."

"Ringim. Kai da aka ce ko azahar ba ka riƙewa, kai ne za ka riƙe abin shekara arba'in?"

Maganar ta sauka da nauyi. Alamin, da ke tsaye a tsakar gida yana saurare, ya sunkuyar da kai. Zarami ya dubi tabarma.

"Azahar ɗin duk iri ɗaya ce yanzu," ya ce a hankali. "Da, in na idar, mai ɗakina ke miƙo mini ruwa."

"Allah ya ji ƙanta. Ta yi haƙuri da kai, ladanta daban ne." Hajja ta goge ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙin murhun gidan ne. "Amma ita ma da bakinta ta ce mini Ringim ne."

"Ba ta cikin jirgin."

"To kawo shaida."

"Bobboi yana nan. Shi ne mai duba tikiti ran nan."

"Bobboi ai ya mutu."

"Yana nan bayan kasuwa, wajen masu shinkafa, kullum suna dara a gindin darbejiya. Sau biyu yana aiko mini."

"Ka je?"

"Ban je ba."

"To ya mutu ke nan. Wanda ba a gani ai sunansa marigayi. Kai ma a Nguru har an fara yi mini gaisuwarka, na karɓa, an kawo gero."

"Kika ci?"

"Na yi kunu. Bai yi daɗi ba, halinka ya bi."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Zarami, kamar tsohuwar ƙofa. Hajja ta ɗan tsorata kafin ta gane dariya ce.

"Alamin," ya kira, "miƙo mini hula da sandata. Yau sai matar nan ta ji kunya a gaban jama'a."

"Ka taho da igiya, akwai buhun barkono."

"Ki ɗora wa akuyarki."

Ya jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado yana neman takalmin fita. Hajja na kallonsa, tana lissafin tsararrakinsu a zuci. Su tara suka tashi a gidan kakansu, saura su biyu. In wannan ya ruɗe, ba sauran wanda ya san ta tana yarinya, ba kuma wanda za ta kira bawa ya rama.

A zaure ya tsaya yana haki kaɗan, hasken rana ya sa ya runtse ido.

"Kaltum, kin san Taura ne."

"Na san akuyata ja ce. Sauran sai abin da Bobboi ya ce."

"Tun daga Nguru kika ɗauko ƙaryar nan, ko a mota kika haɗa ta?"

"A mota. Hanyar da tsawo. Kuma ina da wata ta mako mai zuwa, a kan yadda ka faɗa kogi ranar kamun kifi."

"Ke kika tura ni."

"Ajiye ta sai na dawo."

Ya girgiza kai yana murmushi, ya sa hannu a aljihu ya fito da abin da ya ɗauko a akwatin. Usur ɗinsa ne na aiki, duk ya dushe. Ya danƙa mata.

"Na sallama, uwargijiya. Riƙe wannan. Ran da kika ji na sake shigewa ɗaki, ki zo ƙofa ki busa."

Hajja ta juya shi a tafin hannu, ta goge da mayafi, ta kai baki. Ƙarar ta sa kajin gidan suka watse.

"Jirgi ya tashi," ta ce. "Wuce gaba, mai tsintsiya. Tashar farko Damaturu."