Baƙin Mai da Tukwanen Inna Tumba

Ba zan taɓa mantawa da satina na uku a aikin duba-gari ba, a Goronyo, zamanin Turawa. Ina saurayi, an ba ni gajeren wando na kaki da hular kwano, ina tafiya kamar ni na haƙa gulbin Rima. Aikina kashe sauro: in zuba baƙin mai a kududdufi, ya shimfiɗu bisa ruwa, 'ya'yan sauro su rasa numfashi. Garwa guda tak aka ba ni ta damina duka, kuma Baturen likita ya ce ran Alhamis zai zo ya gani. Wanda ya yi wasa da man nan, ya ajiye hula.

Kafin nan na riga na yi suna. Na shiga gidan wata tsohuwa mai yin sabulu, Inna Tumba, na tarar da tukwanen ruwan toka, na ce gidan sauro ne, na sa ƙafa na tuntsurar da biyu (ko leƙawa ban yi ba, alhali sauron da zai kwana cikin ruwan toka ai ya gaji da duniya). Hulata kawai ta kalla.

Ran Laraba jakina ya yi tutsu a bakin kasuwa, garwa ta faɗo, man nan mai kauri kamar maɗi ya tsiyaye cikin rairayi. Da na ga jama'a ta taru, sai ilimi ya motsa.

"Ku kwantar da hankalinku," na ce (ba wanda hankalinsa ya tashi sai ni). "An koya muna a Sakkwato, mai ba shi zama ƙarƙashin ruwa. Ku kawo ruwa, yanzun ga za shi taso mu kwashe."

Na sa aka haƙa rami, aka tura rairayin ciki, aka dinga juye tulu bayan tulu. Mai ya ce bai san zancen ba, ya manne wa rairayi abinsa. Na shiga in motsa da ƙafa, santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin laka. Hulata ta yi gaba tana iyo. Wallahi ita kaɗai ta taso.

Mahauta har da riƙe ciki. Ina cikin wannan kunya na ji murya a kaina: "Malam duba-gari, mi kaka biɗa nan ciki?"

Inna Tumba ce. Na ce, "Inna, aikina nika biɗa."

"To fito. Kwaso rairan ga, ka biyo ni."

Haka na ratsa kasuwa da ƙwarya a ka, baƙi ƙirin har gira. A gidanta ta tafasa ruwa, ta juye rairayin a ciki, ta zuba ruwan toka, ta gutsuro sabulu bai fi goro ba, ta miƙo mini muciya. Ina tuƙawa sai ga mai yana sakin rairayi, yana tasowa.

"Mai da ruwa ba su ga maciji," in ji ta. "Sabulu shi ya san su duka biyu, shi ka shiga tsakani. Amma in ka cika shi, su haɗe su koma kunu, ka rasa duka."

Muka yi ta kwasa da ludayi har garwa ta wuce rabi, sai ta tsaya. Na ce, "Inna, da saura cikin rairai."

"Da saura, ɗana. Ruwan tokar da za shi fidda shi, kai ka shure shi wancan sati."

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Ran Alhamis Bature ya ga kududdufi yana ƙyalli, ya yaba wa ilimina, ni kuwa na ce na gode ba kunya.

Shekara ashirin na yi ina duba-gari bayan haka. Ban sake shiga gidan tsohuwa da hula a ka ba, kuma kowace tukunya sai na durƙusa na tambayi mai ita kafin ƙafata ta ba da shawara.